Tsagar Da Na Gani Na Yi Shiru

Ya kai mai karatu, na san za ka yi mamaki in ka ji ɗan ƙasar Rano ya ɗauki alƙalami wai zai yi magana a kan dusar ƙanƙara. Kana da gaskiya. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa ganin ta da idona ba. Iyakar sanina da ƙanƙara ita ce wadda takan zubo tare da ruwan bazara, mu fita a guje muna tsinta muna tsotsa, iyaye na yi mana tsawa. To, amma ka yi haƙuri ka biyo ni sannu, za ka ga inda maganar ta faɗo a ƙofar gidanmu.

Wata rana da dare cikin watan Afrilu, zafi ya hana kowa barci a ɗakin kwananmu na ɗalibai, sai wani abokinmu ya nuna mana wani hoton bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne yana wasan zamiya a gangaren tsauni, ko'ina fari fat. Yana cikin tafiya sai ga wata tsaga ta bayyana a bayansa, ta miƙe dama da hagu kamar an ja zare, sa'an nan gangaren nan kaf ya motsa, ya farfashe, ya yi ƙasa da shi. 'Yan ɗakinmu suka bushe da dariya, suna cewa Turawa dai da neman wa kai wahala. Ni kuwa dariya ta ƙi zuwa, domin na san wannan tsagar. Na taɓa ganin irinta, ba a kan ƙanƙara ba, a kan jar ƙasar garinmu.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Rano zuwa Kibiya ya san ƙasar duwatsu ce. Ga manyan duwatsu nan a ɗore bisa juna, wani ka rantse iska za ta ture shi, alhali tun kakan kakanni yana nan. Ƙauyenmu yana gindin ɗaya daga cikinsu. A bayan gari akwai wani tsohon kududdufi, wanda daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina kusan kowane gida. Gaɓarsa ta gabas ta kai tsayin mutum biyu. Samanta fako ne mai tsakuwa da marmara, diga ma sai ta yi ƙara in ta sare shi. Amma ƙarƙashin wannan fakon akwai ƙasa mai laushi da danƙo, wadda magina ke so. Saboda haka sai mutane suka riƙa haƙa ta gindi suna barin saman, har wurin ya zama kogo. Ga ƙasa mai kyau, ga inuwa kyauta. Wa zai ƙi?

Kakana magini ne, kuma yana da dokokinsa game da wannan kogo. Yakan ce ba a shigarsa washegarin ruwa. Yakan ce kafin a shiga a hau sama a duba bayan gaɓa. Yakan ce kada a tsai da jaki da kaya a bisa baki, kuma kada kowa da kowa ya shige ciki, a bar mutum ɗaya a waje. Amma lokacin da nake ba da labari tsufa ya zaunar da shi a zaure, idonsa ya yi rauni, dokokin nan sun zama hirar tsoho, a saurara don ladabi, a fita a yi abin da aka ga dama.

Ina da shekara 12 a duniya. Bazara ta kai maƙura, kowa na gaggawar yaɓe kafin damina ta kankama. Ran nan da dare aka sheƙa ruwan farko mai ƙarfi, har soron gwaggona ya yi yoyo. Da gari ya waye jama'a suka ɗauki sungumi suka nufi gona shuka. Ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, ya ce shi kam sai ya gyara soron nan kafin hadari ya komo. Ya kira abokansa 2, ni kuma aka ba ni jaki da mangala.

Da muka isa sai Yaya ya aike ni bisa gaɓa in ɗauko wata igiya da ya manta jiya. A nan na gan ta. Tsaga ce, kamar taki biyu daga baki, faɗinta bai wuce yatsa ba, amma ta yi tsawo, ta bi gaɓar tana lanƙwasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko'ina a kan fakon nan ruwa ya kwanta, ban da kusa da ita. Ita ta shanye nata. Da na sauko kuma na ga ƙasa tana zubowa daga rufin kogon kaɗan-kaɗan, kamar gari daga rariya.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ko mako ba a yi ba da samarin nan suka yi mini dariya, suna kirana ɗan kaka, don na maimaita wata magana ta tsohon. Na kuma ce a raina, Yaya ya yi shekaru yana haƙa a nan, ni wane ne da zan koya masa? Sai na rufe bakina. Aka cika mangala, na kora jaki.

Ban yi taki 30 ba na ji wani sauti, dim, ba mai ƙara sosai ba, kamar an ya da buhun hatsi a ɗaki. Na waiwaya, babu kogo. Abokan nan 2 suna bakin wurin, sun yi tsalle sun tsira. Yaya kuwa yana ciki.

Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne ranar shuka ce, gonakin da ke kewaye cike suke da mutane. Kafin mu rufe baki daga kururuwa sun iso. Ɗaya daga cikin abokan ya nuna daidai inda ya gan shi da ƙarshe. Wani dattijo ya daka tsawa ya ce a ajiye sungumi kada a sare shi, a sa hannu, a nemi kai tukuna. Aka tono fuskarsa, aka ƙwaƙule ƙasa daga bakinsa da hancinsa, ya yi wani irin tari da har yau nakan ji shi a kunnena. Ya rayu, amma cinyarsa ta karye, ƙugunsa ya goce. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, ga shi nan har yanzu yana ɗingishi, noman kirki ya gagare shi. Jama'a suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni kuwa na haɗiye abin da na gani, ban gaya wa kowa ba.

Wannan shi ya sa bayan na ga bidiyon nan na shiga neman abin da masana suka rubuta game da zaftarewar dusar ƙanƙara. Ga kaɗan daga abin da na fahimta.

Ashe tulin dusar da ke kan tsauni ba abu guda ba ne, hawa-hawa ne. Kowace zuba tana barin nata hawan, kuma yanayin da ya biyo bayanta shi ke sauya halinta. Iska takan daddaɓe wani hawan ya yi tauri. Wani kuwa, in aka yi darare masu tsananin sanyi, ƙwayoyinsa sukan rikiɗe su zama kamar sukari, ba sa kama juna. Sai wata dusar ta zo ta rufe wannan raunannen hawa, ta yi tauri a kansa kamar daɓe. Mai tafiya a sama ba ya ganin kome sai fari mai kyau. Yana iya yin makonni a haka. Ranar da nauyi ya fi ƙarfin hawan ƙasa, sai ya karye, karayar ta ruga ta ƙarƙashi, daɓen sama ya tsage ya sulale gaba ɗaya. Irin wannan ya fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma gudunsa yakan zarce kilomita 100 a sa'a guda. Da ya tsaya sai ya daskare kamar siminti, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa.

In sanyi ya fara janyewa a ƙasashen nan, watau wajen watan Maris zuwa Mayu, sai wani sabon haɗari ya shigo, shi ne ruwa. Rana takan narkar da saman dusar, ruwan ya tsiyaya ciki har ya tarar da wani hawa mai tauri ko mai rauni, ya kwanta a nan yana kwance abin da ke riƙe da ƙwayoyin. In dare ya yi garau da sanyi, saman yakan sake daskarewa, da safe a taka lafiya. Amma kafin azahar wurin da ya ɗauki mutum da hantsi ya zama tarko. In kuwa daren ya zo da gajimare da ɗumi, ko aka yi ruwan sama a kan dusar, to, tun da asuba babu aminci. Don haka masu hawan tsauni a wannan lokaci sukan yi sammako su sauko da wuri. Sukan kuma lura da alamu: in ƙafa ta fara nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar dusa, in ƙananan dunƙule suka fara gangarowa da kansu, in aka ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafa kamar an saki numfashi, ko tsaga ta ruga gaban mutum, to, a juya.

Ina karanta wannan ina ganin kududdufinmu. Fako a sama, laushi a ƙasa. Zafin rani ya busar da gaɓa ta tsattsage, ruwan farko ya sami ƙofa, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasa mai ɗan danshi tana riƙe kanta, shi ya sa ake iya dunƙula tubali. Amma in ta ƙoshi da ruwa sai riƙon ya saki, nauyinta ya ƙaru, ruwan da ya cika tsaga kuma yana tura ta waje. Mu kuwa mun riga mun cire mata gindi da hannunmu. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita guda ta kowane gefe takan kai tan ɗaya da rabi. Ka ƙiyasta nawa ne ya sauka a kan Yaya. A Amurka doka ce, ramin aiki in ya kai zurfin ƙafa 5 sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi kafin ma'aikaci ya shiga, sai fa in cikin dutse aka haƙa. Namu ya ninka haka, ba tokari ko ɗaya. Ashe dokokin kakana ilmi ne, bai dai rubuta shi a takarda ba.

Har ila yau na ga dalilin da ya sa Yaya ya rayu. Wani bincike da aka buga a 1994 a kan mutum 422 da dusa ta binne a ƙasar Suwizalan ya nuna cewa waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, 92 cikin 100 sun rayu. Da an kai minti 35 kuwa, sai adadin ya faɗo zuwa 30 cikin 100, domin numfashi ke ƙarewa. Ma'ana, ba jirgin ceto ke ceton mutum ba, abokin tafiyarsa ne. Shi ya sa kowannensu yakan ɗauki shebur, da doguwar sandar tsokana, da 'yar na'urar da ke nuna inda aka binne mutum. In sun zo wuri mai shakka kuma ɗaya-ɗaya suke ƙetarawa, saura na kallo. Wannan ita ce dokar kakana ta a bar mutum ɗaya a waje. Da ranar nan ba ranar shuka ba ce, da mu yara 3 muka rage da hannuwanmu, da labarin ya sha bamban.

To, amma abin da ya fi taɓa ni ba na ƙasa ba ne, ba kuma na ƙanƙara ba, na zuciyar ɗan Adam ne. Masana sun ce a cikin haɗurra 10 da suka ci rai, wajen 9 wanda abin ya ci, ko wani a cikin ayarinsa, shi ya tayar da zaftarewar da nauyinsa. Wani mai bincike a Amurka, Ian McCammon, ya bi diddigin haɗurra 715 da suka auku tsakanin 1972 da 2003, ya tarar da yawa daga cikin mutanen nan ba jahilai ba ne, sun ga alamu sarai, suka wuce. Ya lissafa tarkunan da ke kama hankalin mai hankali. Akwai sabo da wuri, watau na sha bi ta nan ba abin da ya faru. Akwai nacewa a kan niyya, tun da mun fito sai mun kai. Akwai jingina da gwani, ai wane ya fi mu sani. Akwai son burge mutane da gudun a raina ka. Da na karanta sai na ajiye takardar na yi tagumi, domin duk waɗannan sun hallara a bakin kududdufinmu a safiyar nan. Bahaushe ya riga shi faɗa a taƙaice, ya ce sabo turken wawa.

Akwai wani abin lura kuma. Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan ma'aunin haɗari mai mataki 5, kuma a Suwizalan cibiyar binciken dusa da ke garin Davos tana fitar da sanarwa kullum a lokacin sanyi. Amma mutane ba a mataki na 5 suka fi mutuwa ba, a mataki na 3 ne. Dalili kuwa, ranar da haɗari ya fito fili kowa yana zaune a gida. Ranar da abin ya yi rabi da rabi, rana ta fito, sama ta yi kyau, ita ce ke ɗaukar rai. Mu ma haka ne. Ba wanda ke shiga kogo cikin watan Agusta, sa'ad da kududdufi ya cika har kwaɗi na kuka. Bazara ce ke yaudara, lokacin da saman ƙasa ya bushe da hantsi, cikinta kuwa a jiƙe.

Wani zai ce, to, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a yi tawakkali. Dubi abin da ya faru a ƙauyen Blatten na ƙasar Suwizalan. A watan Mayu na 2025 masu lura suka ga tsaunin da ke bisa garin yana motsi, duwatsu na zubowa a kan ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa. Aka kwashe mutanen garin, wajen 300, har da dabbobinsu. Ran 28 ga watan sai ƙanƙarar ta ɓalle ta binne kusan dukkan garin. Mutum ɗaya aka rasa. Gidaje sun tafi, amma jama'a na nan, don kawai wani ya ga tsaga ya faɗa, aka kuma saurare shi.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da abin da ke rufta mana. Yau ba jaki da mangala kaɗai ke ɗibar ƙasa ba, tifa ce ke ɗibar burji da yashi, tana barin ramuka masu miƙaƙƙen bango a bayan garuruwa, yara na wasa a gindinsu. Ga kwazazzabai na cin gonaki suna matso gidaje. Ga masu haƙar rijiya, ga masu haƙar ma'adinai, ga tsofaffin katangu da ke jiran ruwan farko. Kusan kowace damina sai mun ji rami ya rufta da mutane a wani wuri, mu ce Allah ya ji ƙansu, mu wuce.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga karkara. In mun je hutu, mu zauna da tsofaffin magina da masu haƙar rijiya, mu rubuta dokokinsu da Hausarsu kafin su tafi da su kabari. Masu karatun labarin ƙasa da na injiniya su gwada su da abin da ke cikin littafi, su mayar wa jama'a cikin harshen da za su gane. A roƙi mai unguwa da liman su riƙa tunatarwa in bazara ta zo, kamar yadda ake shelar a ɗaure dabbobi in an yi shuka. Abu uku ma sun isa a fara da su: kada a haƙa gaɓa ta gindi, kada a shiga rami washegarin ruwa, kada kowa ya shiga ba mai tsaro a waje. Sa'an nan ga wanda ya fi wuya. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne a mafi yawan al'amura. Amma wani lokaci yaron ne aka aika bisa gaɓa, shi ya ga tsagar. In mun tarbiyyantar da shi a kan cewa maganarsa rashin kunya ce, to, mun toshe wa kanmu ido guda.

A hutun da ya wuce na sami Yaya a ƙofar gida bayan sallar isha'i, yana zaune ya miƙe ƙafar nan. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sa'an nan na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye maka shekara da shekaru. Ranar nan da ka aike ni ɗauko igiya, na ga ƙasar ta tsage a sama. Na ji tsoron ku yi mini dariya, na yi shiru. Ka yafe mini."

Ya yi shiru har na zaci ransa ne ya ɓaci. Can sai ya ce, "Kai ƙanena, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan? Ai ni ma na gan ta. Tun da sassafe na bi ta wurin. Na ce a raina mangala biyu kawai zan ɗiba in fita."

Na ce, "To, da na faɗa fa?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Wataƙila da na zage ka na ci gaba da haƙa. Wataƙila kuma da na ji abin a bakin wani, da na fito. Ni dai na yafe maka duniya da lahira. Amma gobe in ka gani, ka faɗa, ko za a zage ka."

Shi ya sa na rubuta wannan. Allah ya kiyashe mu da sharrin sabo, ya ba mu idon gani da bakin faɗa, ya kai mu damina lafiya. Amin.